Leaf ko Yuan Plus: wacce za ta iya da ƙauyen Ringim?

Mai_Riɗi_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara na zo nema. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, sana'ata sayen riɗi da zoɓo ina kaiwa Dawanau. Babbar mota ke ɗaukar kaya, ni kuma in bi su a ƙaramar motata, ba kullum ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin fetur ke cinye ribar, har na fara tunanin motar lantarki, tunda ina da sola a gida. Wani dila a Kano ya nuna min guda biyu. Ta farko Nissan Leaf ƙirar 2018, daga Amurka aka kawo ta, batirinta yunit 40, irin yunit ɗin mitar wuta. Ta biyu BYD Yuan Plus ƙirar 2022 daga China, batirinta yunit 60. Leaf ɗin ta fi araha nesa ba kusa ba, ratar da ke tsakaninsu za ta isa in ƙara sola har in bar wani abu a jari. Zuciyata ta fi karkata ga Leaf saboda Nissan suna ne da muka sani, 'yar China kuwa ban taɓa riƙe irinta ba. Daga gidana zuwa kwalta akwai burji da yashi, da damina kuma ruwa na kwanciya a wani kwari da dole sai an ratsa shi. Wacce za ku ba ni shawara in ɗauka?

Baba_Direba_Gumel:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ni shawarata ka bar su duka biyun. In ta tsaya maka tsakanin Gezawa da Zakirai da magariba, wane bakanike za ka kira? Mota mai fetur ko yaron gareji zai buɗe ta ya hura kafireto ka kama hanya. Wannan kuwa sai dai ka tsaya kana kallonta.

Injiniya_Sola_Dutse:
Baba, maganarka abin dubawa ce, za mu zo kanta. Amma Alhaji, kafin sunan kamfani ko kuɗi, akwai abu guda da ya raba motocin nan biyu, kuma a ƙasarmu shi ne kan gaba: yadda kowacce ke sanyaya batirinta.

Leaf ba ta da tsarin sanyaya batiri kwata-kwata. Batirin yana cikin akwati rufaffe a ƙarƙashin mota, in ya ɗau zafi sai dai ya huce da kansa. A ƙasashe masu sanyi wannan ba ya damun kowa. Amma tun 2012 masu Leaf a garin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda zafi ke kama da namu, suka fara kuka cewa batirinsu na raguwa da wuri, har magana ta kai kotu. Kamfanin ya gyara haɗin batirin daga baya, amma har ƙirar 2018 da aka nuna maka ba a saka mata abin sanyayawa ba. Yanzu ka tuna Afrilu a Ringim, zafi ya haura digiri 40, kwalta na tururi, mota ta wuni a rana a Dawanau, ka dawo gida ka jona ta a caji. Yaushe batirin zai huce? Duk wanda ya ajiye batirin sola a shago mai rufin kwano ba silin ya ga yadda zafi ke gajarta masa kwana, to haka abin yake.

Yuan Plus kuwa tana da tsarin sanyaya batiri, kuma irin batirinta daban ne. Ana kiransa LFP, na ƙarfe da fosfet, shi ne irin wanda muke saka wa mutane a gidaje yanzu a madadin tsofaffin batiran ruwa. Ya fi jure zafi, ya fi jure yawan caji, ba ya saurin kama wuta, kuma za ka iya cika shi taf ba fargaba. BYD ma da batiri suka fara sana'a a 1995 a Shenzhen, daga baya suka shiga ƙera mota. Da a Jos kake ko Mambila da na ce ka ɗauki mai arahar. A Jigawa kuwa ni dai Yuan zan nuna maka.

Mai_Riɗi_Ringim:
Na gode Injiniya. Amma dilan ya nuna min a allon Leaf ɗin, ya ce sandunan lafiyar batiri 12 ne kuma 11 na nan. Wannan ba ya nufin batirin na da sauran ƙarfi?

Abba_Clearing:
Kawu, aikina ke nan, fito da motoci daga tashar ruwa, bari in faɗa maka abin da sandunan nan ke nufi. Sanda ta farko ba ta ɓacewa sai batiri ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Wato mota mai sanda 11 tana tsakanin kashi 79 zuwa 85. Ka cire abin da ya rasa daga yunit 40, abin da ya rage maka talatin da 'yan kai ne, kuma ba duka ake iya amfani da shi ba. Tana sabuwa ma hukumar Amurka kilomita 243 ta auna mata.

Abu na biyu, ana iya goge ƙwaƙwalwar batirin sandunan su dawo cif, sai bayan 'yan makonni su sake zubewa. Ban ce dilanka ya yi ba, amma ana yi. Akwai manhajar waya, LeafSpy, da ɗan ƙaramin abu da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Ita za ta nuna maka ainihin kason lafiyar batirin, da sau nawa aka yi mata caji mai sauri, da ko akwai ƙwayar batirin da ta yi rauni ta bar 'yan uwanta. In dila ya hana a soka, ka gane.

Sannan ka karɓi lambar jikin motar, mai harafi da lamba 17, a bincika tarihinta. Da yawan motocin da ke zuwa daga gwanjon Amurka masu hatsari ne ko waɗanda ambaliya ta ci. Mai fetur da ta sha ruwa ana iya lallaɓa ta. Mai lantarki da ta kwana a ruwa kada ka karɓa ko kyauta ce.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Ni fa ban yarda a yi wa Leaf taron dangi ba. Ku je Ƙofar Ruwa ku ce kuna neman fitilar gaba ko gilashin Yuan Plus ku ga kallon da za a yi muku. Leaf tun 2010 take kasuwa, an sayar da fiye da rabin miliyan a duniya, gawarta cike take a wuraren 'yan gwangwan na Amurka da Dubai. In na yi waya, kayan ƙafarta da fitila da bamba za su zo. Kuma Alhaji ba batiri ne zai fara ba shi wahala a burjin nan ba, ƙafa ce: shokozoba, bushin, tayarod. Mota mai lantarki nauyi gare ta, ita Yuan ta kusa tan ɗaya da kwata uku, Leaf ta fi ta sauƙi. Nauyin nan a kan ƙafa da taya yake ƙarewa.

Hajiya_Zainab_Kwari:
@Ɗan_Ƙofar_Ruwa, Malam, kayan China ne za su gagari Bakano? 'Yan Kwari da Wambai nawa ne ke Guwanzu a yau ɗin nan da muke magana? Ka tura hoton abin da lambarsa, a sako maka shi a kago tare da atamfa. A China motar nan ba baƙuwa ba ce, ta shiga cikin waɗanda aka fi saye. Abin da ba za a sako maka a jaka ba shi ne batiri, don haka gara a sayi wadda batirinta zai daɗe.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Hajiya, zai zo, ban musa ba. Amma kafin ya zo mota na jingine sati nawa? Kuma in aka aiko wanda bai hau ba fa? Mai sana'a da lokaci yake aiki, kakar riɗi ba ta jiran kago.

Malam_Sani_Taura:
Ku dakata, ni lissafin cajin nake so a yi, don nan ne ake yaudarar mutane. Alhaji, sola nawa gare ka?

Mai_Riɗi_Ringim:
Fanel 8 masu wat 550, inbata mai kilowat 5, da batirin lithium mai yunit 10. Firiza biyu da fankoki da famfon rijiya duk a kansa suke.

Injiniya_Sola_Dutse:
To bari mu yi shi a fili. Yunit ɗin da muke faɗa shi ne dai wanda mitar kati ke ci. Motocin nan biyu, da esi a kunne a kan babban titi, kowacce za ta ci yunit 16 zuwa 18 a kilomita 100. Ringim zuwa Dawanau da dawowa, da ɗan zagayen cikin gari, ka ƙaddara kilomita 170 zuwa 180. Yunit 30 ke nan, in ka haɗa da wanda ke salwanta wajen caji ya ɗan haura.

Fanel mai wat 550 a ranarmu yana ba da yunit 2 da 'yan kai zuwa 2 da rabi a wuni, in yana da tsabta. Guda 8 za su ba ka kusan yunit 18 zuwa 20, gida kuma ya ci rabi ko fiye. Abin da zai rage wa mota bai wuce na kilomita 50 a wuni ba. Kafin ka mayar da abin da ka ƙona a tafiya ɗaya sai mota ta yi kwana uku a jone. Da hunturu kuwa, ƙura ta rufe sama ta kuma kwanta a kan fanel, abin ya ƙara ja baya, sai an riƙa gogewa da sassafe.

Ga kuma inda mutane ke mantawa: da rana sola ke bayarwa, da rana kuma mota ke kan hanya. Batirin gidanka mai yunit 10 ba zai cika motar yunit 40 da dare ba, balle ta 60. Tsarin zai yi maka aiki ne kawai saboda ka ce ba kullum kake fita ba. Ranar zama ita ce ranar caji, daga hantsi zuwa la'asar. Kowacce ka saya sai ka ninka fanel ɗinka, wannan ba makawa.

A nan ne girman batiri ke da amfani. Leaf mai sanda 11 za ta kai ka Dawanau ta dawo da kai da ƙyar, kana kallon allo gabanka na faɗuwa, wata rana ma sai ka kashe esi. Yuan za ta je ta dawo da kusan rabin caji. Kada ka ɗauki kilomita 510 da ke rubuce a takardarta, ma'aunin China ne, yana da kumbura lissafi. A ma'aunin Turai 420 aka ba ta, a titinmu da zafi da esi ka ƙaddara 330 zuwa 350.

Malam_Sani_Taura:
Ka ji inda nake so a zo. To in aka saka kuɗin ninka fanel a kan kuɗin Yuan, jarin riɗin ya tafi. In aka ɗauki Leaf kuwa, ratar kuɗin ita ce za ta sayi fanel ɗin. Mota mai babban batiri da ba ka da wutar cika ta, me ta fi ƙarama da shi?

Injiniya_Sola_Dutse:
Malam Sani, wutar da tafiya ke ci ɗaya ce a motocin biyu, ba sai ya cika ta daga sifili ba. Abin da ya ƙona zai mayar. Babban batiri ajiya ce ta ranar da hadari ya rufe sama kwana biyu, ko aka kira shi Haɗeja ba shiri. Amma maganar jari gaskiyarka ce, shi ya san aljihunsa.

Usman_Gujungu:
Ba sai a tayar da janareta a caja ta da dare ba?

Injiniya_Sola_Dutse:
Za ta yi, amma ƙaramin janaretan fetur yunit 2 ko ƙasa da haka yake fitarwa a lita ɗaya. Kilomita 100 za su ci maka lita 9 zuwa 10, Corolla ba ta shan haka. Na gaggawa ne kawai.

Ummu_Khadija:
Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauye, ina karanta ku tun ɗazu, kowa kasuwa yake lissafawa. Alhaji, a ƙauyenku mota nawa ce? Na tabbata in naƙuda ta zo da gardama ƙarfe biyun dare, ko maciji ya sari yaro a gona, ƙofarka ake bugawa. Na ga mata da aka kawo mana a bayan babur suna zubar da jini saboda mai motar unguwa ba shi da mai. In ka dawo daga Kano da magariba mota saura kashi 8, rana ta faɗi, ba abin da za ka yi sai gobe da hantsi. Mai fetur ko galan ɗin 'yan bumburutu ka samu ka tashi. Don Allah duk wadda za ka saya, ka sayi wadda za ta kwana da abin da zai kai mara lafiya Ringim ko Dutse ya dawo. In kuma da hali kada ka sayar da tsohuwar.

Mai_Riɗi_Ringim:
Wallahi Malama kin taɓo inda yake min ciwo. Mota biyu ce a garin, ɗayar kuma ta fi zama a Kano. Allah ya saka da alheri.

Baba_Direba_Gumel:
Abin da nake faɗa ke nan tun farko, 'yata ta faɗe shi da kyau. Mu da muka yi zamanin Fijo 504 a hanyar Maigatari, abin da ya sa ta yi suna shi ne duk garin da ka tsaya akwai wanda ya san cikinta.

Sadiq_Poly_Kazaure:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ita ma Fijo ai akwai ranar da ta zo baƙuwa, kanikawa suka koye ta. Motar lantarki ba ta da baƙin mai, ba fulogi, ba kafireto, ba bel ɗin inji, ba salansa, ba kuloci. Birki ma yana daɗewa saboda in ka ɗaga ƙafa motar da kanta ke rage gudu tana mayar da wuta cikin batiri. Abin da ya rage na ƙafa da taya da esi duk bakanikenmu zai iya. Kuma ba a Turai kaɗai ake yi ba. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya daɗe yana mayar da ƙananan bas-bas masu lantarki suna jigilar mutane a cikin gari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa an buɗe wurin caji mai sola a jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Hyundai Kona mai lantarki ma a Legas aka fara haɗa ta tun 2020. Abin yana tafe.

Abu ɗaya da zan gargaɗi kowa: duk waya mai ruwan lemo a motar nan ta babbar wuta ce, kusan bolt 400. Kada a bar yaron gareji ya kai mata hannu.

Baba_Direba_Gumel:
Yaro, cikin garin Maiduguri daban, dajin Ringim daban. Amma na ji.

Nura_Wayarin:
Ni mai wayarin ne, bari in ƙara abin da ba a faɗa ba. Kan cajar motocin nan ba iri ɗaya ba ne. Leaf ta Amurka tana da baki biyu a hancinta, ƙarami na cajin gida, babba na caji mai sauri da ake kira CHAdeMO, wanda duniya ke barinsa yanzu. Yuan da aka yi don kasuwar China bakinta GB/T ne. Wadda ake sayarwa a waje da sunan Atto 3, mota ɗaya ce, amma ita bakin Turai gare ta. Ni da nake bin hanyar Gezawa zuwa Ringim ban ga wurin caji mai sauri da mutum zai dogara da shi ba, don haka gidanka ne gidan manka.

Ka duba cajar da ke but ɗin Leaf ɗin da kyau. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Wasu cajojin suna ɗaukar duka biyun, wasu 120 kaɗai, rubutun na jikinta. Ka soka ta 120 a soket ɗinmu ta ƙone nan take.

Sannan kada a caja mota da soket ɗin ɗaki da doguwar waya ta kasuwa. An taɓa kira na wani gida, na tarar da fuskar soket ta narke ta yi baƙi, filogin ya manne sai da na fasa shi da sukundireba, bango ya yi zafi kamar an kunna murhu a bayansa. Kilowat 2 zuwa 3 na awa takwas ba tsayawa ba wasa ba ne. A ja waya mai kauri daga inbata kai tsaye, da abin katse wuta nata na kanta, a kafa sandar atin a ƙasa mai danshi. Yawancin cajojin nan in ba su ji atin ba jan wuta kawai za su nuna maka su ƙi aiki. Kuma inbata mai kilowat 5 ba za ta ɗauki cajar bango mai kilowat 7 ba, ka nemi wadda ake rage mata ƙarfi.

Usman_Gujungu:
Maganar wuta ta sa na tsorata. Ana cewa in suka kama ba sa mutuwa.

Malam_Sani_Taura:
Gaskiya ne wutar batiri na da wuyar kashewa. Amma mu mutanen Taura ba mai ba mu labarin abin da fetur ke yi. Tankar da ta faɗi a Majiya a Oktoban 2024 ta ci rayuka sama da 150, har yau akwai gidajen da ba su dawo daidai ba. Allah ya jiƙansu. Kowanne da haɗarinsa, a kiyaye kawai.

Ummu_Khadija:
Amin ya Allah. Allah ya kyauta namu ƙarshen.

Bello_CNG:
Ni da za ka ji tawa, Alhaji, da ka mayar da motarka ta yanzu mai gas. Kuɗin bai kai ko kusa da na sabuwar mota ba, kuma fetur ɗinka na nan in gas ya ƙare. In bututun AKK da ya taso daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano ya fara aiki sosai, gas zai wadata.

Hajiya_Zainab_Kwari:
Gas ɗin ma sai ya shigo Kano ya bi layi. Rana kuwa a tsakar gidansa take faɗowa. Mutumin ya tambayi mota biyu, mu tsaya a kansu.

Aminu_Auyo:
Ba a amsa masa maganar ruwa da yashi ba. Mu nan Auyo mun san ambaliya, ta 2022 ba wanda ya manta. Yuan ta fi tsayi daga ƙasa, santimita 17 da rabi ba kaya, Leaf kusan 15. A takarda kaɗan ne, amma a burjin da tayoyin manyan motoci suka haƙa suka bar tudu a tsakiya, nan ake ganin bambanci, kuma abin da zai gogi ƙasa shi ne akwatin batiri. Dukansu tayar gaba ke ja, ba wadda za ta yi maka abin da Hilux ke yi a yashi. Batirin a rufe yake, ruwan sama da ɗan kududdufi ba sa yi masa komai, ba ta kuma shaƙar ruwa ta mutu irin mai fetur. Amma in ruwa ya kai rabin taya yana gudu, ka ajiye ta a tsallake ka hau babur. In ta maƙale kuma kada a ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin gaba na ƙasa, yana lalata injin lantarkin, sai dai a ɗora ta a kan mota.

Ka buɗe but ɗin kowacce ka duba, galibi ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙe huji. A hanyarmu mai ƙaya da ƙusa wannan ba zai yi ba. Ka sa a haɗa maka safaya da jak a cikin ciniki.

Sadiq_Poly_Kazaure:
Wani abu da Yuan ke da shi: ana soka mata wani kai a bakin caji ta ba da wutar gida, kusan kilowat 3. Firiza, fanka, har ƙaramin famfon ban ruwa za ta ɗauka. Ku tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin wutar Shiroro, Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Mai yunit 60 a ƙofar gida a irin wannan lokacin ba ƙaramin abu ya riƙe ba. Leaf ma tana iya ba da wuta ta babban bakinta, amma sai an sayi wata na'ura daban mai tsada.

Abba_Clearing:
Don kada a ce mun wanke 'yar China tas: wadda aka yi don kasuwar cikin China, taswirarta da manhajar wayarta na can ne, wasu rubuce-rubucen allon da Sinanci za ka gan su. Garantin kamfani kuma ba ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun dila, duk abin da ya faɗa maka da baki a rubuta a takarda. Ita ma a duba ƙarƙashinta a kan rami, a ga ko akwatin batiri ya taɓa buguwa. Irin batirinta kuma yana son a riƙa cika shi 100 kamar sau ɗaya a mako, in ba haka ba lissafin kason da ke allo yana rikicewa, ka ga 20 alhali ba ta kai ba. Da solar Kawu ta yanzu wannan cikawar za ta yi wuya.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Yawwa, gara da ka faɗa. Kuma ku tuna ranar sayarwa. Shekara uku nan gaba in Alhaji ya gaji da ita, wa zai saya a Ringim? Kuɗi kaɗan ka zuba a Leaf, ko ta faɗi asararka kaɗan ce. Batirinta ma in ya gaza a mota masu sola na saye su yi ajiyar wuta da shi.

Injiniya_Sola_Dutse:
Muna saye, amma da arahar da mai motar ba ya jin daɗinta. Kuma Leaf da ke kai shi Dawanau da ƙyar a bana, bayan bazara biyu ba za ta kai ba. Daga nan ta zama motar zuwa Ringim da kai yara makaranta. In wannan yake nema, to ta isa, har ma ta yi kyau.

Mai_Riɗi_Ringim:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abin da na ɗauka zuwa yanzu: tsohuwar motata ba zan sayar ba, maganar Malama ta zauna min. Fanel kuma zan ƙara ko da wacce na tashi. Ranar Asabar zan koma wurin dilan. @Abba_Clearing, in kana da wannan abin sokawar ina so ka raka ni. Na ce masa ya cika su duka biyun, zan zuba kuɗin ajiya mu hau kowacce zuwa Wudil mu dawo da esi a kunne, in ga kashi nawa kowacce za ta ci. In kuɗin Yuan ya fi ƙarfina bayan lissafin fanel, wataƙila in haƙura har bayan kaka.

Abba_Clearing:
Ina da shi Kawu, zan zo in sha Allah. A bar Leaf ɗin ta sauka ƙasa da kashi 40 sannan ka taka ta sosai a kan titi. In akwai ƙwayar da ta yi rauni za ka ga kason ya zube gaba ɗaya sannan ya dawo in ka sassauta. Mu fita da azahar, lokacin da kwalta ta yi zafi.

Baba_Direba_Gumel:
Ku tafi da wata motar a bayanku dai.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Alhaji, in kun je ka ɗauko min hoton lambar taya da na ƙafar gaba na kowacce. Zan zagaya layinmu in ji wanne ake samu a ƙasa, wanne sai an yi oda, da kuɗin kowanne, in kawo muku nan kafin ka biya.